Yadda Na Wanke Irin Dawar Inna

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman aure waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma akwai guda ɗaya da ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zai fita daga raina. Shi ne gyaran kicin da na yi a gidanmu na Birnin Gwari, wata bazara da surukata ta yi tafiya. Har yau idan na buɗe murfin bokiti na ji ɗumi ya bugi fuskata, sai gabana ya faɗi.

Ni 'yar Kaduna ce, mahaifina ma'aikacin gwamnati. Iyakar sanina da dawa shi ne a auno ta a kasuwa, a kai inji, a tuƙa tuwo. Aure ne ya kawo ni Birnin Gwari, ina koyarwa a wata firamare, maigidana kuma ma'aikacin lafiya ne. Mutanensa manoma ne daga wani ƙauye can bayan Randagi, inda sai babur ke shiga. A shekarun da daji ya ƙi zaunuwa mutanen ƙauyen suka watse, mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, ta dawo wurinmu. Mijinta, Baba, ya rasu shekara guda kafin tashin. Ranar da ta iso a bayan babur, kayanta ba su wuce ƙullin tufafi da tukunyar ƙasa guda ba, sai wani ɗan damin zangarniyar dawa da ta rungume a ƙirjinta.

Wannan dawa ita ce irin gidansu. Baba ya gaje ta wurin mahaifinsa, kuma duk kaka shi da kansa yake shiga gona ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika ya ware su domin shukar baɗi. Inna ta ce ba a samun irinta a kasuwa, jar dawa ce mai nauyi, tuwonta yana kwana bai saki ba. Tun da ta zo, duk damina sai ta yi kunya huɗu a ɗan filin bayan gidanmu ta shuka ta. Ba don ci ba, don kada irin ya mutu. Da kaka ta yanke zangarniya kusan talatin, ta ɗaure, ta sa a rataye mata su a jikin katakon rufin kicin, daidai saman murhu. Kullum maganarta ɗaya ce: “Ranar da Allah ya kwantar da dajin nan, da wannan za a koma gonar Malam.” Malam take kiran Baba.

To, ga kicin ɗin nan nawa. Ɗan tsukukun ɗaki ne, taku biyar a tsaye, taku huɗu a kwance. Idan ni da Inna muka shiga tare, sai ɗaya ta fita kafin ɗaya ta juya. Komai a ƙasa yake: tukwane, kwanuka, buhun masara, galan ɗin manja, turmi, kwandon albasa. Ka nemi maburgi sai ka ɗaga abu bakwai. Bango ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, domin Inna ba ta yarda da girki ko'ina sai a murhun ciki, ga hayaƙi yana cika ɗakin har hawaye na zuba. Sama kuma ga zangarniyoyin nan suna reto, sun yi baƙi, yana ta lulluɓe su, wani lokaci ma baƙin ya zubo maka cikin miya. Gaskiya kunya nake ji idan abokan aikina suka zo gidan, sai in yi ta kare ƙofar kicin da jikina ina yi musu hira.

Na daɗe ina zana sabon kicin a bayan littafin darasi. Da aka ce ƙanwar maigidana ta haihu a Kaduna, Inna za ta je ta zauna mata har arba'in, sai na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama. Ranar tafiyarta, ta riga ta shiga mota, ta leƙo ta taga ta kira ni.

“'Yar nan.”

“Na'am, Inna.”

“Ki riƙa hura wuta a murhun ciki, ko sau ɗaya ne a rana. Kin ji ko?”

Na ce na ji. Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai, irin ta cewa tuwon itace ya fi na gas daɗi. Ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba, don a wurinta abu ne da ko yaron goye ya sani.

Kwana biyu da tafiyarta na shawo kan maigida. Ya ce, “Kicin naki ne, ki yi yadda kika ga dama. Ki dai kula da kayan Inna.” Na kira magini da kafinta. Zan faɗi gaskiya, tsarin da na yi ba na wasa ba ne, har yanzu ina yaba wa kaina a kansa. Na auna kowane bango da tef ɗin ɗinki. Na lura cewa ƙasa ce ta cika, bango kuwa daga ƙuguna zuwa rufi ba abin da yake ɗauke da shi sai baƙi. Saboda haka na ce komai ya hau sama. Kafinta ya buga kanta hawa uku a bangon dama: ta ƙasa ta tukwanen yau da kullum, ta tsakiya ta kayan miya, ta sama ta manyan tukwanen suna da biki waɗanda sai shekara-shekara ake sauke su. A bangon hagu ya yi kabad mai ƙofa biyu, samansa ya zama teburin yanke-yanke da wurin ɗora gas. Bayan ƙofa aka jera ƙusoshi, ludayi da muciya da maburgi da mataci kowa ya sami maratayinsa. Buhuna kuwa na kore su gaba ɗaya, na samo bokitan fenti da aka gama da su, na wanke tas, na zuba masara da wake da shinkafa, aka jera su cikin kabad. Magini ya fasa taga, ya kankare bango ya yi sabon shafe, aka tone murhun ciki aka mayar da shi waje ƙarƙashin 'yar rumfa.

Ranar da za a buga silin, kafintan ya hau tsani, ya tsaya yana kallon zangarniyoyin.

“Malama, waɗannan fa? Iri ne fa.”

“Na sani. Sauko mini da su, na yi musu wuri.”

“Tsohuwar ta san za a sauke?”

Na ce masa ya yi aikinsa. Ya ce, “To, Allah ya sa haka ne mafi alheri,” ya miƙo mini su ɗaya bayan ɗaya. Da ina da wayo, wannan maganar tasa ta isa ta sa in ɗauki waya. Amma ni a lokacin gani nake na fi kowa tsari a unguwar, mai gilashi da littafin zane.

Kada ku ɗauka wulaƙanta irin na yi. Wallahi girmama shi na yi niyyar yi. Na ce abu mai daraja haka bai kamata ya zauna cikin datti da yana ba. Na shimfiɗa tabarma na murje zangarniyoyin da hannuna, na shiƙe, aka sami dawa kusan tiya biyu. Sai na ga duk ta yi baƙi-baƙi tana warin hayaƙi, hannuna ma ya yi baƙi. Ni kuwa abin da aka koya mini a gidanmu shi ne hatsi mai datti wanke shi ake yi. Na zuba ta a baho na wanke, ruwa uku, har jan ta ya fito sar, gwanin sha'awa. Na baza a tabarma da hantsi, da la'asar na taɓa na ji ta bushe a hannu. Na zaɓi bokitin da ya fi kowanne kyau, na juye ta, na danne murfi gam don kada ƙwari su shiga, na ɗauki alkalami mai kauri na rubuta a jiki: IRIN INNA. Na sa shi can ƙuryar kabad, jikin bangon da shafensa bai gama bushewa ba. Na ja baya na kalli aikina, na ji daɗi ƙwarai.

Mako uku na yi ina shan yabo. Matan unguwa suka riƙa zuwa kallo, wata har da kawo mijinta ya ga yadda aka yi kantar. Ni da Inna yanzu za mu iya tsayawa a ciki har da baƙuwa ta uku. Duk lokacin da Inna ta bugo waya sai na yi niyyar faɗa mata, sai kuma in ce bari dai ta zo ta gani da idonta.

Wata Laraba da la'asar maigida ya dawo daga aiki yana fara'a. Ya ce wansa ya je ƙauye ya dawo lafiya, mutane sun fara komawa sharar gona, an ce bana za a iya noma. Ya ce ya faɗa wa Inna a waya har ta yi kuka, ta ce ranar Talata tana hanya, kuma bana da ƙafarta za ta je ta ga dawar Baba a tsaye a gonar Baba.

Na ce, “Ai kuwa zo ka ga inda na adana mata irin.”

Na ja shi kicin ina taƙama, na jawo bokitin, na ɓalle murfin. Wani ɗumi ya bugi fuskata, da wari mai tsami kamar na ƙullun da ya kwana uku. Cikin murfin duk gumi. Dawar ta dunƙule wuri guda, fumfuna fari da kore ya rufe ta. Na sa hannu, sai na ji zafi a ciki, ta tsakiyar ta yi laushi tana narkewa a yatsuna.

Maigida ya durƙusa ya leƙa.

“Ruwa ya shiga ne?”

“Wanke ta na yi,” na ce.

“Kika yi me?”

“Ta yi baƙi ne, shi ne na…”

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Iri kika wanke? Ai hayaƙin shi ne maganinsa! Shi ke hana ƙwari, shi ke tsare shi a bushe. Don me kike jin ake rataye shi saman murhu, don ado?”

Sai a lokacin maganar Inna ta bakin taga ta dawo mini, na fahimci wutar da ta ce in riƙa hurawa ba don tuwo ba ce. Na tambaye shi ko akwai wani a danginsu da ke da ragowar irin. Ya girgiza kai. Wansa ya bar nasa a rumbu ranar da suka gudu, rumbun kuma ba a same shi ba. Sauran dangi sun cinye nasu a shekarar farko ta zaman gari, don yunwa ba ta san iri ba. Na Inna kaɗai ya rage. Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa ya ce, “Ni dai ba zan iya faɗa mata ba,” ya fita masallaci ya bar ni da bokiti a gaba.

Akwai wata dattijuwa 'yar Gbagyi a bayan layinmu, muna ce mata Mama, manomiya ce ta gaske, ita da Inna suna yawan zama suna hirar gona. Na yafa mayafi na ɗauki bokitin na nufi gidanta. Ta buɗe, ta sansana, ta ɗago ta dube ni.

“Malama, wa ya yi wannan aiki?”

“Ni ce, Mama.”

“Kai! Ke da kike koya wa yara karatu?” Ta riƙe haɓa. Da ta ga hawaye sun cika mini ido sai ta sassauta. “To, kuka ba ya tsirar da dawa. Kawo faifai.”

Muka juye a faifai uku. Ta ce ta tsakiya da ta ƙasa sun tafi, ko kaji ba za a ba su ba. Sai ta gefe-gefe da ta sama, wadda ta ɗan fi bushewa. Muka zauna muna tsinta ƙwaya-ƙwaya, tana danna kowacce da farce, mai tauri ta ajiye, mai laushi ta yar. Har rana ta kusa faɗuwa muna abu ɗaya. Daga tiya biyu, abin da ya rage bai cika tafin hannuna ba.

Na ce, “Mama, in shanya wannan in ajiye har damina?”

Ta ce a'a. “Wannan ya sha ruwa, ya wahala. Ba zai kai damina ba. In akwai mai rai a ciki, yanzu za a tashe shi. Amma ki sani, wanda ya tashi ba ya komawa barci. Sai ki yi rainonsa da ruwan rijiya har sama ta zubo.”

Ta jiƙa wani tsohon buhun algarara, ta baza ƙwayoyin a kai, ta naɗe, ta ce in ajiye a inuwa kusa da randa, in riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana huɗu. Kada in buɗe kafin nan.

Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawon waɗannan huɗun ba. A aji ina rubutu a allo sai in tsaya da alli a hannu, yara na kallona. Abinci ya ƙi shiga. Na tsani kicin ɗin da nake taƙama da shi, in na shiga na ga farin silin sai in ji kamar ya faɗo mini. Mama ta ce kada in buɗe, amma sau nawa na durƙusa gaban buhun nan ina ɗaga gefensa da ɗan yatsa, ban ga komai ba sai jajayen ƙwayoyi a kwance. Na yi ta saƙa da warwara. Har na yi tunanin in je kasuwa ranar da take ci in nemi jar dawa a zangarniya, in turara ta da hayaƙi in rataye a rumfa. Na faɗa wa maigida, ya dube ni ya ce, “Matar da ta yi shekara arba'in tana riƙe da dawar nan za ki ruɗa? Daga bakin ƙofa za ta gane.” Na ji kunyar kaina da har na yi wannan tunanin.

Ranar Asabar waya ta yi ƙara, na ga Inna ce. Sai da ta kusa katsewa na ɗauka. Muka gaisa, na tambayi mai jego da jariri.

“Lafiya lau suke. 'Yar nan, kina dai hura wutar nan ko?”

Na ce, “Inna, ana hura wuta kullum.” Ba ƙarya na yi ba, ana hurawa, a waje. Amma na san abin da take tambaya, na kuma san abin da na amsa.

“Madalla. Allah ya yi miki albarka. Kin ji labari ko? Bana za mu gida.”

Wannan albarkar da ta sa mini ta fi zagi ciwo. Na ajiye wayar na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata.

Ranar Lahadi da yamma, bayan Mama ta dawo daga coci, ta zo da kanta. Ta tsuguna ta warware buhun a hankali, ni kuwa na kasa kallo, sai da ta ce, “Zo ki gani.” Yawancin ƙwayoyin sun ruɓe sun yi baƙi. Amma nan da can akwai masu ɗan farin tsiro kamar zare. Muka ƙirga sau biyu. Tara ne.

Tara, daga abin da zai shuka gona. Ban san ko in yi murna ko in ƙara kuka ba. A yammacin muka shuka su a bayan gida inda Inna ke kunyoyinta, ƙasa ta bushe ƙamas sai da muka jiƙa ta da bokiti shida. Muka kewaye da ƙaya saboda awaki, muka rufa tsohon gidan sauro saboda kaji.

Talata ta zo. Dama duk ranar da wani namu ke kan hanyar Kaduna ba mai sukuni a gidan sai ya iso. Ni ranar tsoro biyu ne a cikina: ina addu'a Allah ya kawo ta lafiya, ina kuma jin kamar motar ta yi ta tafiya kada ta iso. Da azahar ta sauka. Na karɓi kayanta, na kawo ruwa, ta sha, ta yi salla. Ko hutawa ba ta yi ba ta miƙe ta nufi kicin, na bi ta a baya kamar wadda za a kai wa alƙali.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi kantar bango, ta dubi kabad, ta dubi ludayan da ke jere.

“Ikon Allah. Wannan kicin ɗinmu ne? Kai, 'yar nan, kin iya tsari.”

Sannan ta ɗaga kai sama. Na ga idonta yana bin farin silin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta sauke kai ta dubi inda murhu yake a da.

“Ina irin?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, tun daga saukewa, da murjewa, da wankewa ruwa uku, da bokitin, da amsar da na ba ta a waya. Ban rage komai ba. Ina jira ta yi faɗa, wallahi da ta mare ni da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta dafa ƙofa, ta zauna a kan turmi.

Can ta ce, “Ranar da muka fito, na bar akuyoyina a ɗaure. Na bar gadon aurena. Shi na ɗauko.” Ta dube ni. “Da kin tambaye ni, 'yar nan. Waya tana hannunki.”

Na ce mata akwai tara a bayan gida. Ta dube ni kamar ba ta gane ba, sai ta miƙe. Muka zagaya, na ɗaga gidan sauron. Bakwai sun huda ƙasa, 'yan kore sirara, biyu ba su fito ba. Inna ta durƙusa da ƙyar, ta taɓa ƙasar da bayan hannunta.

“Ruwan ya yi yawa, za ki kashe su da so. Rabin wannan ya isa. Kuma da sassafe, ba da rana ba.”

Iyakar hukuncin da ta yanke mini ke nan. Daga ranar ni ce mai ban ruwa, ita ce mai duba aiki, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Sai da muka yi mako biyar muna jan ruwa a rijiya kafin ruwan sama ya sauka. Tsutsa ta ci ɗaya, iska ta karya ɗaya. Da kaka muka yanke zangarniya biyar, aka rataye su a rumfa saman murhun waje.

Amma gonar Baba a wannan shekarar irin kasuwa aka shuka mata. Wan maigidana ya zo da babur zai ɗauki Inna ta ga gida, ta ce ya tafi abinsa. “Me zan je gani? Dawar wasu?” A daminar nan kuwa da ƙarfinta, tana iya tafiya kasuwa ta dawo a ƙafa. Shekara ta biyu zangarniya biyar ba su isa gona ba, sai muka sake shuka su a bayan gida don su yawaita. A shekara ta uku ne aka kai irin ƙauye, ya kuma yi kyau, kowa ya faɗa. Sai dai kafin nan ciwon ƙafa ya kwantar da Inna, ko tsakar gida sai an riƙe ta, balle ta hau babur zuwa bayan Randagi. Da kaka aka kawo mata zangarniya guda daga gonar, tana kwance. Ta riƙe ta a hannu tana shafawa, ta tambaya ko ta gefen rafi ce ko ta tudu. Aka ce ta gefen rafi. Ta ce, “Nan Malam ya fi so.” Ba ta ga wata kakar ba.

Kicin ɗin yana nan yadda na tsara shi, kuma har yau mata na zuwa su ce in zana musu irinsa. Ina zana musu. Amma kafin in ɗauki alkalami sai na ce su zagaya da ni, duk abin da na gani a wurin da bai yi mini kyau ba in tambaya wa ya ajiye shi, kuma me yake yi a nan. Na koyi cewa abin da ka tarar a gidan mutane yana zaune a wuri mara kyan gani, sau da yawa aiki yake yi a wurin, kai ne ba ka san aikin ba. Na kuma koyi wani abu da ya fi wannan ɗaci game da kaina. Na daɗe ina cewa rashin sani ne ya ja mini, amma ba shi kaɗai ba ne. Ban tambayi Inna ba ne domin na san tana iya cewa a'a, ni kuwa ba na son jin a'a. Tambayar da ba za ta ci mini minti ɗaya ba ita na ƙi yi, ta ci wa Inna damina biyu, kuma su ne waɗanda suka rage mata da ƙafafunta.